Yadda Ake Kare Rauta, Dikoda da Sauran Kayan Sadarwa Daga Wutar Tsawa Mai Biyowa Ta Ƙasa

Wata safiya cikin watan Mayu, bayan hadari ya kwana yana ruri a kan Kumasi, wani Alhaji a Aboabo ya aiko yaronsa ya taso ni tun ban karya kumallo ba. Na iske shi a ƙofar shago ya jera gawarwaki a kan benci: rauta biyu, wato na'urar rarraba intanet, akwatin naɗar hoton kyamarori, da dikoda. Duk a dare ɗaya suka tafi. Firij kuwa yana nan yana gurnaninsa, fanka na juyawa, ko ƙwan fitila ɗaya bai ƙone ba.

"Malam, zo ka ga ikon Allah," in ji shi. "Tsawar nan ba a gidana ta faɗi ba, can bayan layi ta tsaga bishiyar mangwaro. Kuma kowanensu a kan sitabilaiza yake."

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ba ta soket ta shigo ba. Ta ƙarƙashin ƙafarka ta biyo."

Ya dube ni kamar na yi masa ba'a. Sai da na kawo masa zancen shanu sannan ya gyara zama.

Duk wanda ya taso kusa da masu dabbobi ya taɓa jin garken da tsawa ta kashe a gindin bishiya, makiyayi kuma ya tashi da ransa. Ba a kan shanun ta sauka ba. Bishiya ta sara, wutar ta gangara ta bazu cikin ƙasa kamar ruwan da aka kifar daga bokiti: inda ya zuba ya fi yawa, yana nisa yana raguwa. Saniya tana da tazara tsakanin ƙafafun gaba da na baya, don haka na gaba suna kan ƙasa mai wuta da yawa, na baya a kan mai kaɗan. Wutar sai ta hau ta nan, ta ratsa ƙirji, ta sauka ta can. Makiyayi ƙafafunsa kusa da juna suke, bambancin bai kai ya kashe shi ba.

Rautar Alhaji saniya ce. Ƙafarta ɗaya tana shago, a kan sandar ƙasar mitar shagon, wato sandar ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa a haɗa ta da wayarin gini. Ɗayar tana gida, kamar mita 40 daga nan, ta kebul ɗin intanet da aka ja bisa katanga zuwa rauta ta biyu, wadda ke kan sandar ƙasar gida. Firij ƙafa ɗaya gare shi, shi ya sa ya tsira.

A yi lissafin a gani. Matsakaiciyar tsawa tana ɗauke da wajen amfiya 30,000. In ta bi ta sandar da turjiyarta ga wucewar wuta ta kai om 10, to ƙasar wurin za ta tashi zuwa bolt 300,000 na ɗan ƙiftawa. Ramin da ake cusa kebul ɗin intanet a bayan rauta an gina shi ne ya jure wajen bolt 1,500. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na wancan tashin ya zama shi ne bambanci tsakanin sandarka ta nan da ta can, an sami bolt 3,000, ya riga ya ninka abin da ramin zai ɗauka. Sitabilaiza kuma ba don wannan aka yi ta ba. Aikinta daidaita wutar da ke yin sama da ƙasa a hankali. Tsawa tana kai ƙololuwarta cikin 'yan kaso na miliyan na daƙiƙa, kafin sitabilaiza ko fis su farga an gama.

Saboda haka ba hana ƙasa tashi za mu yi ba, wannan ya fi ƙarfinmu. Abin da za mu yi shi ne haɗe ƙafafun kayanmu wuri ɗaya, in ƙasa ta tashi su tashi tare, in ta sauka su sauka tare.

Fara da ƙirga ƙafafu

Ɗauki takarda da biro ka zagaya ginin daga waje. Rubuta duk wayar ƙarfe da ta shiga: wayar wuta daga mita, kebul ɗin dish, na eriya, na intanet da ya sauko daga faranti a kan rufi, wayoyin kyamarori, na lasifika, na sola, na janareta, da wanda aka ja wa maƙwabci don a raba kuɗin data. A gaban kowace rubuta inda ta fito da bangon da ta huda. Sannan nemi sandunan ƙasa, waɗanda masu aikin wuta ke kira atin. A gidajen haya na zango mai mita biyar ko shida, sau da yawa kowace mita da tata sandar, wata ma waya ce kawai aka cusa a ƙasa aka shafe da siminti. Duk na'urar da ka ga tana da waya biyu masu zuwa wurare daban, sa mata alama. Su ne shanunka.

Yanke doguwar ƙafa

In akwai kebul ɗin jan ƙarfe tsakanin gini biyu, da shi za ka fara, don shi ya fi kowa kisa. Maganinsa na gaskiya faiba ce. Zaren gilashi ne, haske ke bi ta cikinsa, wuta ba ta da abin kamawa. Za ka sayi ƙananan akwatuna biyu masu juya saƙon kebul zuwa haske, ɗaya a kowane gini, kowanne ya sha wuta daga soket ɗin gininsa, sai faibar da aka riga aka ɗaura wa kawuna daidai tsawon da kake so. Ka lura da abu ɗaya: akwai faiba mai sulken ƙarfe ko mai wayar ƙarfe a gefe don ɗaurewa a fol. In ka sami marar ƙarfe gaba ɗaya, ita ce zaɓi. In mai ƙarfen ce a hannu, a yanke ƙarfen tun a waje a ɗaure shi da wayar ƙasa, kada ya shiga ɗaki.

In faiba ba ta samu ba, a haɗa ginin biyu da eriyoyi masu magana ta iska. Kebul ɗin intanet dama ba ya wuce mita 100 da kyau, ga ɓera, ga rana. Wanda ya dage sai jan ƙarfe, to ya binne shi cikin bututu, ya binne waya mai kauri tare da shi wadda za ta haɗa sandunan ginin biyu, ya kuma sa abin kariya a kowane kai. Ya fi tsada, kuma bai kai faiba ba.

Ƙofa ɗaya, faranti ɗaya

Yanzu ka tattaro wayoyin da suka rage su shigo ta bango ɗaya, kusa da inda wutar gida ke shiga. Na san wannan yana nufin ƙara kebul da sake huda bango, masu gida kuma ba sa so. Amma dish da ya shigo ta gabas, wuta ta yamma, talabijin a tsakiya, ka sake ƙera saniya ke nan a cikin falonka.

A wannan ƙofar, ɗaura farantin jan ƙarfe mai ramuka a bango, tsawon tafin hannu ko fiye, cikin akwatin da ruwa ba ya shiga. Nan ne mahaɗa. Wayar ƙasa ta allon rarraba wuta, mai launin kore da rawaya, ta zo nan. Ta turken eriya ta zo nan. Ta akwatin ƙarfen da ake jera na'urori, ta inbata, ta ƙarafan da ke riƙe da faifan sola, ta jikin janareta, kowace da wayarta da nata ƙusan, ba a yi musu jerin gwano wannan ta bi ta kan waccan ba. Daga farantin kuma waya ɗaya mai kauri, aƙalla sikwaya milimita 16 (16mm²), ta sauka kai tsaye zuwa sanda.

Yadda aka ja wayar ya kusa fin kaurinta muhimmanci. Wutar tsawa ba ta son kwana. Kowace mita ɗaya ta waya, komai kyanta, tana iya tara bolt 1,000 ko fiye a lokacin da wutar ke hauhawa da irin wannan gudu. Don haka a gajarta, a miƙe, in za a karya kwana a yi ta da faɗi kamar bakin kwarya. Akwai wata kwalliya da yaran aiki ke so, su naɗe ragowar waya a jikin sukudireba ta fito kamar wutsiyar alade. Yanke ta. Wannan naɗin shingen hanya ne ga tsawa.

Sandar kanta

Sandunan da ake sayarwa a shagunan kayan wuta na Adum ƙarfe ne da aka lulluɓe da jan ƙarfe, akwai mai mita 1.2, akwai mai 2.4. Kankare jikinta da wuƙa kafin ka biya. In launin ya tashi kamar fenti, bar musu kayansu, damina biyu za ta cinye ta. Doguwar ta fi, don laimar da ba ta bushewa tana can ƙasa. Jar ƙasar Kumasi mai marmara tana da tauri, wani wurin sanda ba za ta nutse ba ko an kwana ana duka. In haka ta faru kada a yanke ta a ce an gama, wanda shi ne abin da aka fi yi. A haƙa rami mai tsawo, zurfin rabin mita ko fiye, a shimfiɗa tsirarar wayar jan ƙarfe a ciki, a kafa gajerun sanduna biyu ko uku a kan layin. Tsakanin sanda da sanda a bar tazarar da ta kai tsawon sandar, in da fili ninki biyu. Sanduna biyu a manne da juna kusan sanda ɗaya ce.

Sai zancen gishiri da gawayi. Tun muna yara muke gani ana zubawa, kuma ba ƙarya ba ne, ranar da aka zuba awo yana yin kyau. Amma gishiri yana cin ƙarfe, ruwan sama kuma yana wanke shi, Kumasi ko ba ta rasa ruwa ba: abin da take samu a shekara ya kusa ninka na Akra. Bayan 'yan shekaru sai a tono a iske gishiri ya tafi, sanda ta zama tsinke. Akwai wani yumɓu da ake kira bentonait mai riƙe laima ba tare da cin ƙarfe ba, shi ya fi. In babu, ƙara sanda ya fi ƙara gishiri.

Wurin kafawa ma akwai magana. Mai aiki zai so bakin magudanar wurin alwala, don ƙasar nan kullum a jiƙe take. Ta fuskar awo ya yi daidai, ta fuskar rai bai yi ba, nan ne mutane ke tsayawa ba takalmi da jiƙaƙƙun ƙafafu. A nisanta sanda da wayar da ke saukowa daga turke aƙalla mita 3 daga ƙofa, wurin alwala da inda yara ke wasa. In fili ya ƙi, a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 15 a kewayen.

A haɗa waya da sanda da maƙalin tagulla mai ƙusa, ba a murɗa da filaya ba. A gina ɗan rami mai murfi a kansa don a riƙa dubawa. Sannan a auna. Ƙaramar mitar da ake gwada batir da ita ba ta wannan aikin, balle dabarar nan ta haɗa ƙwan fitila a ga ya kama. Akwai na'urar awon ƙasa mai ƙananan turaku biyu da ake kafawa nesa. Abin nema shi ne ƙasa da om 10. Masu turakun sadarwa sukan nemi 5.

Gardamar da za ka sha

Da ka ce a haɗa sandar turken eriya da sandar wutar gida, wani zai ce maka, "Haba, oga, ai jawo tsawar za ka yi cikin gida. Raba su ake yi." Na sha jin wannan daga bakin mutanen da suka girme ni a sana'a, kuma da ladabi nake ba su amsa, amma ba na janyewa. Sandunan nan biyu a haɗe suke ko ka so ko ka ƙi. Kebul ɗin da ya sauko daga turke ya shiga rauta, rauta ta shiga soket, soket yana kan sandar gida. Tambayar kawai ita ce ta ina wutar za ta bi, ta waya mai kauri da ka binne a waje, ko ta cikin na'urarka. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kariya daga tsawa, IEC 62305, a kan haɗewa ta tsaya. A ja tsirarar waya mai sikwaya milimita 16 ko fiye ta ƙarƙashin ƙasa, ta wajen gini, daga waccan sanda zuwa wannan. In akwai ƙarfen kama tsawa a kan rufi, sandarsa ma ta shigo cikin zumuncin. Haka ƙafafun ƙarfen tankin ruwa, tunda a nan aka fi son ɗaure eriya. Bututun ruwa na roba kuwa ba ya kai komai ƙasa, kada a dogara da shi.

Masu gadin waya

Sai yanzu aka zo kan abin da mutane ke fara saye. A allon rarraba wuta ana sa wata 'yar na'ura mai kama da bireka, ana rubuta SPD a jikinta. Tana zaune shiru a kan bolt 230 na gida, da wuta ta haura sai ta buɗe hanya zuwa ƙasa. Aji uku ne. Aji na 1 na ginin da ke da ƙarfen kama tsawa ko turke mai tsawo ne, ko wanda wayar fol ta daɗe tana tafe a sarari kafin ta iso. Aji na 2 shi ne na kowane allo: nemi wanda aka rubuta wa 275V da 20kA ko 40kA. Aji na 3 shi ne wanda ke cikin soket mai jela, kuma shi kaɗai ba ya tsare gida, mataimaki ne. Ga ginin da ke dogara da sandarsa ta kansa, gaya wa mai aikin ya kawo mai tsarin 1+1 in layi ɗaya ne, 3+1 in layi uku ne. Wayoyin da suka shiga na'urar da wadda ta fita zuwa faranti, jimlarsu kada ta wuce rabin mita. Ta ƙasan ta zama sikwaya milimita 6 ga aji na 2, 16 ga aji na 1.

Wannan ba aikin da za ka yi da kanka ba ne. Tun dokar wayarin ta 2011, L.I. 2008, Hukumar Makamashi ta Gana ce ke tantance masu haɗa wuta tana ba su shaida. Nemi ganin katin. Mita da abin da ke bayanta zuwa fol kuma na kamfanin wutar lantarki, ECG, ne, ba a taɓawa.

Kebul ɗin dish a sa masa ɗan maƙalin nan mai haƙori biyu da ƙusar ƙasa, daidai inda zai huda bango, a ja gajeriyar waya zuwa faranti. Na intanet da ke hawa turke ya zama irin na waje mai rigar ƙarfe a ciki, da kawuna na ƙarfe, a sa masa abin kariya biyu, ɗaya sama kusa da eriya, ɗaya a ƙofar shiga. In kebul ɗin ne ke kai wa eriya ko kyamara wuta, a tabbatar an rubuta PoE a jikin abin kariyar. Na sha hawa rufi in iske an saye shi, an ɗaura, amma ƙusar ƙasarsa ba waya. Wannan ado ne kawai.

Masallatai suna da tasu matsalar. Lasifika tana can ƙolin hasumiya, wayarta ta sauko mita 20 ko 30 zuwa amfilifaya kusa da mumbari, ladan kuma yana riƙe da makirfo mai waya. A sa wa wayoyin lasifika filogi mai saukin zarewa a bayan amfilifaya, a zare bayan kowace salla a watannin hadari. In ana tsawa lokacin kiran salla, makirfo marar waya ya fi aminci.

In hadari ya taso

A kudancin Gana damina biyu ce, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma hadarin farko da na ƙarshe sun fi zuwa da iska da tsawa. Duk abin da muka lissafa rage ɓarna yake yi. In aradu ta sauka a kan turkenka kai tsaye, wani abu zai iya tafiya duk da haka. Abin da aka zare daga bango ne kaɗai ba ta iya kaiwa.

In ka ga walƙiya, ƙirga. Kowace daƙiƙa 3 kafin ka ji ƙara kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, hadarin ya shigo kewayen da zai iya taɓa ka, kuma ya kamata a ce ka riga ka zare. Kashe makunnin soket ba ya wadatarwa, tazarar da ke cikinsa 'yan milimita ce, wutar da ta tsallako daga gajimare ba za ta tsaya a nan ba. Zare filogi, ka kuma zare kebul ɗin dish da na intanet, ka janye su nesa da na'ura. Mutane sukan cire wuta su bar kebul, wato sun ɗaga ƙafa ɗaya sun bar doguwar. In tsawar ta riga ta iso kanka, bar su, kada ka taɓa waya, dikoda ba ta kai rai ba. Mai sana'ar MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya cire wayoyinsa daga caji ya ci gaba da aiki a kan batir, wayar hannu da ba ta jone da komai ba ta jawo tsawa. A jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe kafin a mayar.

Da gari ya waye, buɗe allo ka dubi 'yar tagar da ke jikin SPD. Kore, tana da rai. Ja, ta karɓi duka ta mutu a madadin kayanka, a canza ta ranar, don wuta za ta ci gaba da zuwa kamar ba abin da ya faru alhali ba mai gadi.

Awon sanda kuma a yi shi cikin hunturu, Janairu ko Fabrairu, lokacin da ƙasa ta bushe ƙurmus, don a nan ne take nuna halinta na gaskiya. A buɗe ramin, a goge koren tsatsa, a ƙara ɗaure ƙusa, a duba ko masu tsintar jan ƙarfe ba su yi gaba da wayar ba, abin da ya sa nake rufe duk wadda ke bin bango da bututun roba. A gidan Alhaji, bayan mun sa faiba mun haɗe sandunansa uku, na rubuta kwanan wata da adadin om da alli mai maiƙo a cikin murfin akwatin faranti, na bar fili a ƙasa don na baɗi.